Malafar Kakana a Kan Ɗan Wani

Jiya a bakin ruwan Warra na hango sa'ana Sani sanye da malafar kakana, yana gaban samari suna janye kainuwar da ta toshe mashigar jirage.

Muna 'yan shekara goma sha biyar, marigayi kakan nawa ne ke tara mu wannan gayyar. Wanda ya ɗora wa malafarsa mai warin zufa da hayaƙin kifi, shi ne shugaban aikin ranar. Kullum ni ke fara shiga ruwa, amma bai taɓa ɗora mini ita ba. Sani kuwa, da sai an taso shi daga gindin mangwaro, ya sa ta ya fi a ƙirga.

Wata rana na tare kakan nawa, laka har gwiwata. "Kaka, ni ba jikanka ba ne?"

Ya ce, "Kai ko ban kira ka ba za ka zo. Sani kuwa sai da malafa."

Gaskiyarsa, Sani bai daina zuwa ba. Ni dai har yau kaina a rana yake. Allah ya sanyaya kabarinka, Kaka, ni kuma ya sanyaya mini zuciya.