Tashar Jirgin Yaya Bello

Gaskiya a yaba wa Yaya Bello, masanin gini ne tun muna firamare a Gummi. Baba ya taɓa zuwa da shi Gusau ya ga jirgin ƙasa, ya dawo mana injiniya.

Ajinmu ɗaya. Malamin aikin hannu ya ce kowa ya ƙera 'yar tashar jirgi, wadda ta fi kyau a kai ta gasa a garin Anka. Ni karan dawa na fere, na soke da ƙayar aduwa, na yi rufi da gwangwanin madara.

Ya harari aikina ya ce, "Wanga akurki na ko tasha? Ta Gusau da bulo anka gina ta."

Shi lakar fadama ya kwaɓa. Don kada ta tsage, ya zuba mata dusar shinkafar Inna, har da tsaki. Ya yanka 'yan bulo kamar sukari, ya jera, har da ɗakin tikiti. Wallahi ta yi kyau. Ya shanya ta a tsakar gida muka tafi makarantar allo.

Muna dawowa Inna ta tarbe shi. "Injiniya, yi hanzari, fasinja sun cika tasha."

Kajinta ne. Sun tsattsage ginin har ƙasa, zakara na tsaye a ɗakin tikiti.

Akurkina aka kai Anka.

Yanzu Yaya Bello ɗan kwangilar gini ne, talla nake masa. A cikinku wa ke da fili, kuma ba ya kiwon kaji?