Kayen Malam da na ƙunshe ƙuli-ƙuli da shi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba. Jikanyata Nana, malamar lakol a Gazawa, ita ke rubuta abin da nake faɗi, kuma tana jira na idan kuka ya tsayar da ni.

Malam ba a nan garinmu Gangara aka haife shi ba. A Kwatano aka haife shi, bakin teku. Kakansa ne ya fara zuwa can da ƙafa, yana bin fatake. Ubansa ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ranƙwafe. Shi kansa Malam ya yi gadin wani sito kafin ya dawo gida ya kama gonar kakanni, ya aure ni. Ƙanensa Bawa ya zauna can da iyalinsa, tun ana jin labarinsu har aka daina.

Duk rani, in aikin gona ya ƙare, Malam yakan je wurin wani mushen lakol, wato malamin makaranta, riƙe da kaye, littafin rubutu mai jan bango. Yana faɗi, mushe yana rubutawa: wa ya haifi wa, wace sana'a ya yi, wane gida suka zauna a Zango, unguwar Hausawan Kwatano, ina aka rufe shi. In ya dawo yakan ce mini, "Ke, wannan ba nawa ba ne, na yara ne. Wata rana za su nemi danginsu." Nakan ce to, hankalina na kan tukunya.

Da na fita takaba na buɗe akwatinsa na raba takardun gida biyu, yadda na ga iyayenmu na yi. Masu rubutun Arabiyya na ɗauke su da alwala, na sa aka ɗinke su cikin fata, na rataye. Masu rubutun boko kuwa, a wurinmu takarda ce kawai. Lokacin ina soya ƙuli-ƙuli ina kai wa kasuwar Gangara, abin ƙunshi ya yi mini wuya. Na ga jan bangon nan, na gane shi sarai. Ba zan ce na manta ba. Na ce a raina shafi ɗaya ba zai rage komai ba. Kasuwa huɗu ya yi mini, ya ƙare.

Shekara huɗu da suka wuce ɗanmu Sani ya ƙudura zai je Kwatano neman 'ya'yan Bawa. Ya sauko da fatar, ya kai wa liman ya buɗe. Addu'o'i ne da ake samu a kowane zaure. Ya dawo ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, ina kayen Baba mai jan bango?"

Na ce, "Gara ta cinye shi."

Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kada ki damu, Inna." Shi ke ba ni haƙuri.

Haka ya tafi da sunan Bawa kaɗai. Kwana tara yana bin masallatai da rumfunan mahauta a Zango. Kowa ya tambaya sai ya ce masa, wane Bawa, ɗan wa, wane gida? Ya dawo ya rame, bai ƙara tayar da zancen ba.

Nakan yi tunanin abin da Malam zai ce da zamanin nan, da mutum ke magana cikin wayar salula muryarsa ta isa bakin teku kafin ya rufe baki. Na san zai sa a ɗauki kayen hoto shafi-shafi a aika, kafin la'asar wani ya ce ga mu nan. Ni kuma ba zai yi mini faɗa ba. Zai dube ni kawai ya tashi ya tafi gona, abin da ya fi faɗa zafi.

Me ya rage na Malam? Gonarsa na nan, ana ci. Haƙurinsa na wurin Sani. Na kayen kuwa, abin da kunnena ya riƙe ne kaɗai: kakansa Ɗan Tani, mai fatauci, ubansa Mati, ɗan dako, yana da tsagar Gobirawa, Bawa yana gyaran buhunan da suka yage a tasha, matarsa ana ce mata Ladi. In akwai wanda waɗannan sunaye suka yi masa kama da na gidansu, ya sani yana da gona da dangi a Gangara.

Nana ta tambaye ni ko ta cire zancen gara, tunda kawunta Sani zai gani. Na ce ta bar shi. Na ce kuma kada ta kai wa jarida sai ta karanta masa a gabana. Na aika a kira shi, ya ce yana zuwa in an sauko daga Juma'a.