Baduku mai taɓa ƙafafun mutane

Ranar Laraba, sha ɗaya ga wannan wata, bayan azahar, Allah Ya karɓi ranka, Kawu Baduku. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Rumfarka ta gyaran takalma tana jikin shagona na ɗinki. Tun da ciwon suga ya toshe jijiyoyin jinin ƙafarka ta hagu aka yanke ta daga gwiwa, duk wanda ya tuɓe takalmi ya miƙo maka sai ka kai hannu ka taɓa ƙafarsa. Wasu su yi dariya, wasu su ƙwace takalminsu su tafi.

Ni ma na ji haushi da ka yi mini. Na daɗe sharaɓata tana ɗaurewa in ina taka keken ɗinki, ga gyambo a babban yatsa ya ƙi warkewa. Ka taɓa ƙafar, ka ji ta sanyi ƙalau. Ka ce, "Tela, haka tawa ta fara. Rufe shagon nan yau." Na ce ɗinkin mutane na jirana. Sai ka yaye mayafin da ke kan dungulminka, ka bar ni ina kallo.

A asibiti ba a yanke mini komai ba. Ɗan huji likita ta yi a matsematsina, ta zura siririyar waya har inda jinin ya tsaya, ta hura ɗan balan-balan ya buɗe hanyar. Kana zaune a benci a waje da sandunanka. Da aka bar ka ka shigo, ka taɓa ƙafar ka ji ɗumi, ka daɗe ba ka ɗago kai ba.

Bana ƙafarka ta dama ta soma ciwo. Ka je asibiti da wuri, aka buɗe jijiyar, ka dawo kana zolayarmu cewa ƙafa ɗaya ta fi araha wajen takalmi. Ashe toshewar ta kai zuciya. A kan kujerar aikinka ka kife, da basilla a hannu, kafin in tsallako ka cika.

Masu takalma suna ta zuwa karɓa a wurina. Da yawa ban san su ma ka tura su asibiti ba, sai sun nuna mini tabon huji irin nawa.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Inna matar Kawu, ke da yara, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku. Amin.