Rawayar Allon Saukata

Jiya a kasuwar Shinkafi na ga allunan zayyana jere a rana, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Shi ya yi wa allon saukata zayyana, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, yana fama da tari. Ina tsugune gefen buzunsa a zaure, ƙamshin tawada da ƙaro ya cika hancina. Da ya shafa rawaya, sai na ga ta dusashe kamar koko ya zube. Na tuna kowa zai kalli allon nan, sai idona ya ciko.

"Amarya, mi ya faru? Aikin angon naki bai yi ba?" in ji shi, yana dariya.

Ya tsoma alƙalami, ya zagaye rawayar da siririn baƙi. Nan take ta haska kamar furen kabewa.

"Ban ƙara mata komai ba," ya ce. "Maƙwabci na ba ta."

Saura kusurwa ɗaya ya zagaye, ya rasu. Baffana ya so ƙarasawa, na buɗe baki na ce a bar ta. Haka na rungumi allon ranar saukata.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi maƙwabta nagari.