Fayilolin da Sunansu Ya Fara da Ɗigo

Kwamfuta uku nake taɓawa a Azare a shekarun nan: ta ofis, ta shagon buga takardu inda nake aikin yamma, da wata tsohuwa a ɗakina mai ƙugi kamar injin markaɗe. Kowacce sai na koya mata halina: inda ƙ take, inda ɗ da ɓ suke, launin allo, gajerun umarni. Saitin nan a ƙananan fayiloli yake zama, sunan kowanne da ɗigo a farko. Da na gaji da maimaita aiki, sai na zuba su cikin wata manhaja mai riƙe tarihin kowane gyara, na ajiye rumbun tarihin a filashi guda.

Duk garin ban samu wanda zan yi wa wannan hira ba. In na fara, sai a ce, "To, Allah ya taimaka," a koma zancen farashin gero.

Mutum ɗaya ne ya gane, wani malamin lissafi a Yana, Babarbare, ya girme ni nesa. Direban tasha ke kai masa filashin a ambulan, ya yi gyaransa, ya maido. Ƙa'ida ce kowane gyara a rubuta masa ɗan bayani. Ni nakan rubuta, "Na gyara ƙ." Shi kuwa Malam ba ya iya shiga magana babu gaisuwa. Sai ka ga, "Salamu alaikum. Ya iyali, ya zafi? Ruwa ya sauka a Disina. Na mayar da allon baƙi, idona ne." Haba Malam! Wannan ai ba wasiƙa ba ce. Ina mita ina karantawa har sau biyu, don babu mai rubuto mini komai sai shi.

Zuwan filashin na ƙarshe ya same ni ina fushi, don a karon baya Malam ya sake taɓa mini launin allo. Na jefa shi a aljihun teburina na ofis ban buɗe ba, na ce ya jira. Ran Laraba direban ya tare ni a tasha ya ce an yi jana'izar Malam tun shekaranjiya.

Na kasa buɗe filashin. Na san akwai gaisuwarsa a ciki da ban karanta ba, kullum ina cewa gobe.

Ina can wajen ta'aziyya shugaban ofishinmu, Alhaji, ya nemi abin da zai kwashi wata takarda. Ya ja aljihun teburina, ya soka filashin a kwamfutarsa. Fayil mai ɗigo ɓoye kansa yake yi, saboda haka bai ga komai ba, amma ga wuri a cinye. Ya ce cutar kwamfuta ce, ya wanke shi tas.

Saitina na nan a kwamfutocin, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma tarihin gyaran, har da duk gaisuwar Malam, a filashin kaɗai yake.

Wallahi ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar da na dawo na tarar da haka. Washegari Alhaji, bawan Allah, ya kawo mini sabo a kwalinsa, ya fi nawa girma.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Amma na duba fa. Wai me ke ciki?"

Na karɓi kwalin.

"Ba komai, Alhaji," na ce. "Na gode."