Tokar da nake kaiwa gida

Shekarun baya, wata mata daga jami'a ta zo rumfata a Damagaram, inda nake zuba tukwanen alminiyo. Ina kuma narka cikin tsohon batirin mota in fitar da dalma in sayar. Wuta ɗaya ke yi mini aikin biyu.

Ta zo da na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, da tabilet a jaka. Ta ce na'urar tana leƙa cikin ƙarfe da ƙasa, ta aika wa tabilet abin da ta gani. Gubar dalma take nema.

Abokin aikinta mai riƙe mata tabilet bai zo ba, sai ta miƙo mini.

"Madam, ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba."

"Baba, ka san kore da ja?"

"Na sani."

"Shi ke nan. In lamba ta fito, danna nan ta ajiye. Kore lafiya, ja matsala."

Ta ɗora bakin na'urar a tukunya ta farko. Kore. Ta biyu, kore. Na fara danne-danne ina ɗaga kafaɗa, ina kallon maƙwabtana kamar ni na ƙera abin.

Da za ta tafi ta hango tulin toka bayan murhu. Ta tsuguna ta auna. Ja. Ta sake aunawa. Ja. Ta leƙa lambar, fara'arta ta ɗauke.

"Ina kake zubar da tokar nan?"

Ni kuwa ba na zubarwa. Kowace Juma'a nakan cika buhu in kai wa mai ɗakina. Tana son ta, ta ce tana da kaushi, ta fi tokar itace fitar da kwano. 'Yata mai shekara uku kuma kullum tana gindinta a wurin wanke-wanke, tana tuwon ƙasa, tana lasar hannu.

Rami ya taɓa rufta mini a wurin haƙar zinariya, na kwana biyu a ƙasa. Ban ji tsoro irin na ranar nan ba.

Na gaya wa Madam, muka hau kabu-kabu zuwa gida. Mai ɗakina ta tare mu da soso a hannu.

"Maigida, lafiya? Baƙuwa babu sanarwa?"

"Ajiye sosan nan."

Madam na aunawa, ni ina dannawa. Wurin wanke-wanke, ja. Gindin randa, ja. Ƙofar ɗaki, ja. Aka kawo ɗan kwanon da yarinyar ke shan koko. Na danna sau uku kafin ta ajiye. Ja.

Na ce, "Ɗora wa yarinyar a jiki mu gani."

"A'a, Baba. Wannan ba ta mutum ba ce. Jini za a ɗiba a gidan likita."

Aka ɗiba, aka ce sai an aika Yamai. Kwanakin jiran nan ban hura wuta ba. Na ɗauki shebur na kankare ƙasar tsakar gida duka, na kwashe, na zubo sabon yashi. In yarinyar ta ce cikinta, sai in yar da shebur in ɗauke ta. Mai ɗakina ba ta zarge ni ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Sakamako ya zo. Akwai dalma a jininta, amma an tare da wuri. Aka ba ta magani, ana sake aunawa har ta sauka.

Na bar narka batir. Yarinyar yanzu tana lakwal, ita ke karanta mini saƙo a waya. Da ba mai leƙen gidan mutane ba ne ni. Yanzu in na ga mace tana goge kwano da toka, sai na tsaya na tambaye ta daga ina. Wasu su yi dariya, wasu su ce ina ruwana. Ba su san tawa tokar ba wanda ya kawo mana ita. Ni nake ɗaura ta a keke kowace Juma'a, ina jin na yi wa iyalina tsaraba.