Malam Tassiou da Bido Biyu

Akwai abin da na sani game da maƙwabcinmu Malam Tassiou wanda ko matarsa Tchima ba ta gama sani ba, kuma yau sai na fasa muku shi. Amma ku ɗan yi haƙuri, sai kun san mutumin tukuna.

Malam Tassiou ɗan wani ƙauye ne kusa da Tasawa, inda in ka jefa guga rijiya sai ka gama cin tuwo kafin ka ji ya taɓa ruwa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana Greensboro ta Amirka, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Wendover. Ba ya faɗa, ba ya fashin jam'i, takalminsa kullum a goge. Aibinsa ɗaya ne, ƙarya guda, ita ma don ƙauna ya yi ta.

Lokacin da 'yarsa Rachida take shekara biyar, ko bahon wanka ta gani sai ihu. Don ya ba ta zuciya, ya ce mata ai shi yana saurayi ya ƙetare gulbin Maraɗi da iyo, da damina, da akuya a wuya. Yarinya ta daina kuka. Washegari ta ce a sake mata labarin. Shekara na zagayowa akuya ta zama maraƙi. Ran sunan ɗan wani maƙwabcinmu Zabeirou ni da kunnena na ji ta koma saniya mai ciki.

Yarinya kuwa ta ɗauki abin da gaske. Ta koyi iyo, ta ciyo kofuna a makaranta, har aka ɗauke ta aikin tsaron masu wanka a wurin iyon unguwarmu. Ta girma, Hausa ta ƙafe a bakinta. In ya yi mata magana da Turanci take amsawa, a taƙaice, ido na kan waya. Labarin gulbin nan kaɗai ke sa ta aje wayar ta dube shi.

To ga sirrin: Malam Tassiou bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na alwala ba.

Bana da za ta tafi jami'a, Rachida ta shirya musu hutun bankwana a tsibiran bakin teku. Tafiyar awa biyar a mota, sai jirgin fito daga wannan tsibiri zuwa wancan, a rufe da tuƙa ƙaramin kwalekwale, ita da babanta su biyu. Ta ce burinta ta yi iyo da shi sau ɗaya kafin ta bar gida.

Mutum ya rame a mako guda. Ya ce gwiwa, ta kawo man shafawa. Ya ce wurin aiki ba za su bari ba, ashe ta riga ta roƙi maigidansa. Ba nutsewa yake tsoro ba kamar yadda fuskarta za ta koma in ta gane. Ita ke nan gare shi, kuma labarin nan ke nan ya rage tsakaninsu.

Sai ya tuna ya taɓa ganin mutanen karkara suna rungume gora su haye ruwa. Babu gora a Greensboro, amma akwai bido, wato jarkar man girki. Ya wanke biyu, ya ɓoye a bayan mota.

Ina matar da za ta ga bido babu komai ana shirin tafiya ta ƙyale shi? Suna isa tsibirin farko ya buɗe bayan mota, ya tarar Tchima ta cika duka biyun da zoɓo, har da citta da kanumfari.

"Malam, ka kyauta da ka wanke mini su," in ji ta.

Zubar da zoɓon Tchima kuwa, gara ka zubar da fetur. Don haka a jirgin fito ya bi Turawa ɗaya bayan ɗaya da kofi, har wani tsoho mai kare ya sha uku. Bido ɗaya ya ƙare. A tsibiri na biyu iyali suna kallon dawakin da ke kiwo a bakin ruwa, shi yana bayan mota yana ɗurawa cikinsa. An hau dogon benen fitilar jiragen ruwa, shi yana ƙasa yana neman bayi. Tchima ta kama shi da bidon a baki.

"Haba Malam! Sauran na hanyar gida ne. Aje!"

Ranar kwalekwale ya saci bidon da rabinsa a ciki, ya ɗaure su biyun a ƙirji da tsohon rawani, ya zura kaftani. Rachida ta miƙo masa rigar ruwa mai hana nutsewa. Riga ta ƙi rufuwa.

"Tumbin hutu ne," ya ce. Ya bar ta a buɗe. Shi dai bidonsa ya yarda da shi.

Ba su yi nisa ba wani jirgi mai inji ya wuce, igiyar ruwa ta taso, Malam ya miƙe tsaye don ya gudu. A kwalekwale! Suka kife. Rigar ruwa ta yi nata wuri. Bidon da babu komai ya ɗaga masa kafaɗa ɗaya, murfin ɗayan ya fice, ruwa ya yi jawur kewaye da shi. Mutanen bakin gaɓa suka ɗauka kifin nan mai cin mutane ne, iyaye suka kwashi 'ya'yansu a guje. Tchima ce kaɗai ta gane launin.

"Zoɓona!"

Shi kuwa yana ta shahada, yana dukan ruwa, yana kiran uwarsa da ta rasu tun bai zo Amirka ba. Rachida ta cafko ƙeyar kaftaninsa ta ce ya sa ƙafa ƙasa. Ya sa. Ruwan iya ƙugu ne.

Ya tsaya yana ɗiga, bido na leƙowa ta wuyan riga.

"Babu saniya," ya ce da ƙyar. "Ko akuyar ma babu."

Suka kama hanyar gida. Awa biyar a mota, ba Hausa ba Turanci. Kwana uku bai fito jam'i ba.

Ran Asabar da hantsi na fita shanya, na ji motsi a wurin iyon unguwa, alhali ba a buɗe ba. Na lallaɓa bayan shinge. Ga Malam Tassiou kwance rigingine a wajen yara, cikin dogon wando da singileti, ya sandare kamar katako. Rachida ta tallafo bayansa da hannu biyu. Sai na ji ta, da Hausarta mai ɗingishi:

"Baba, saki jiki. Ina riƙe da kai."

"Kar ki sake ni, Rachida."

"Ba na saki. Ba ni labarin akuya."

"Ai na gaya miki babu..."

"Na sani. Ba ni dai."

Ya fara. Na ƙara matsawa don in ji ko akuyar za ta sake girma, kwandon wankina ya bugi ƙarfen shinge. Ya ɗago kai a firgice, ya sha ruwa, ya yi tari, idonsa ya faɗa cikin nawa.

"Anti Yemima! Tun yaushe kike nan?"